Dalilin da Ya Sa Kowace Kakar Kurket ta Rafin Ɗorawa Ke da Sunan Mace

Dalilin da ya sa kowace kakar wasa a gasar kurket ta Rafin Ɗorawa ke ɗauke da sunan mace, alhali maza ne ke buga ta, shi za ku ji yau. Ku matso, yara. Kun sha jin manya na cewa a Kakar Ladidi aka yi ruwan bazata, ko a Kakar Tabawa Maƙera suka ci kofi. A wasu garuruwa lamba ake sa wa kaka, ko sunan kamfanin lemo. Mu ma a da lamba ce.

A wancan zamani ƙungiyoyi huɗu ne a gasar: Maƙera, 'Yan Kuza, Malamai da 'Yan Kasuwa. Wasan sana'a ne, da shi 'yan wasa ke ci da iyali. A bakin fili akwai wani babban allo, an jera Kaka ta Ɗaya, Kaka ta Biyu, har zuwa ta Takwas, kowace da sunan ƙungiyar da ta yi nasara.

Kun san zirin ƙasar nan da ke tsakiyar fili, inda mai jifa ke wurgo ƙwallo ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu? Shi ne ran wasan. In bai yi sumul ba, ƙwallon nan mai taurin goruba ba ta san hanya ba. Mata ne ke daɓe shi kowace shekara, kamar yadda suke daɓen ɗaki. Gwaggo Hajo ce shugabar daɓe. Ita ta san inda ake haƙo jar ƙasa, ita ta san kwana nawa makuba, wato ɓawon ɗorawa, za ta yi a jiƙe kafin a yayyafa ruwanta. Kwana tara suke yi a durƙushe da madaɓai a hannu. In sun gama, sai a ce musu sannu, su koma gindin ɗorawa su yi kallo.

A cikinsu akwai wata budurwa, Kuluwa. Saurayinta Cindo shi ne babban mai jifa na Maƙera. Wasu samari turare suke kai wa 'yan mata, shi kuwa sandar bugu ya sassaƙa mata da hannunsa, ya goge ta da man kaɗe. In ya zo zance, a ƙofar gida yake jefa mata ƙwallo tana bugawa, ƙannenta na dariya.

"Kai wannan ne zancen naka?" ta kan ce.

"Bakina ba ya iyawa, hannuna ne ya iya," in ji shi.

To, wata shekara wani kamfanin ma'adinai a can nesa ya shirya babbar gasa ta rani guda, ya aiko a kawo masa gwanaye. Shugaban gasarmu, Alhaji Namadi, ya kwashe ƙungiyoyin nan huɗu kaf ya zuba a motoci suka tafi. Abin da ya mance, ko ya yi kamar ya mance, shi ne sharaɗin Mai Unguwa: filin aro ne, kuma duk ranin da ya wuce ba a yi gasa a kansa ba, za a ba direbobi su yi tasha. Ko sati biyu ba a yi ba, direbobi suka fara zuwa suna auna filin da ƙafa.

Kuluwa ta je wurin Mai Unguwa da Gwaggo Hajo a gabanta.

"Ranka ya daɗe, sharaɗin ya ce gasar maza?"

Ya shafa gemu. "Gasa kawai ya ce."

Mata arba'in da huɗu suka fito, suka rabu sha ɗaya sha ɗaya da sunayen ƙungiyoyin nan huɗu. Akwai 'yan mata, akwai malaman makaranta, akwai mai tuyar ƙosai, akwai ungozoma. Suka daɓe fili, suka ciro tsofaffin rigunan mazansu da yayyensu suka sa a kan zani. Asabar ta farko mutane dariya suka zo yi. Ta uku, sai da aka ɗaura igiya don kada 'yan kallo su shigo fili. Ladidi ta karya ɗan yatsa ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Tabawa tana shayarwa, tana fita daga bugu ta karɓi jariri. Suka yi Asabar goma sha biyu cif, Maƙera suka ci kofi, Kuluwa ce ta buga ƙwallon ƙarshe ta faɗa rijiyar Mai Unguwa. Da hannunta ta hau kujera ta rubuta a allo: Kaka ta Tara, Maƙera.

Direbobi suka nemi wani wuri.

Da damina ta faɗi maza suka dawo, ba kofi, ba abin kirki. Suka tarar da filinsu yana nan. Alhaji Namadi ya raba goro, ya ce mata sun kyauta, Allah ya yi musu albarka. Bayan ruwa ya ɗauke, wata safiya Kuluwa ta biyo ta bakin fili da tulu a ka, sai ta ga an shafe layinta da farin fenti. A kansa an rubuta sabo: Kaka ta Tara, za a fara ran Asabar ta makon gobe.

Ta sauke tulun a hankali, don ta san in ba ta sauke ba za ta fasa shi. Alhaji na zaune a inuwa da 'yan kwamiti, Cindo na tsaye a gefe.

"Alhaji, ina kwana. An yi kuskure a allo. Ta Goma za a fara."

"Ba kuskure, 'yar nan. Abin da kuka yi ai riƙon fili ne. Mun gode. Amma gasa daban."

"Yatsan Ladidi da ya karye, riƙon fili ne ya karya shi?"

"Ke, ki iya bakinki," wani ɗan kwamiti ya ce.

"Da ba mu buga ba, Alhaji, da yanzu a kan buhun kaya kake zaune, ana kiran fasinja a kanka."

Wasu suka ƙunshe dariya. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Alhaji ya miƙe, ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa muddin shi ne shugaba, ba za a rubuta lamba tara a gaban wasan mata ba.

Kuluwa ta dubi Cindo. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana juya ƙwallo a hannu. Wannan ya fi fentin yi mata ciwo. Da la'asar ta aika aka mayar masa da sandarsa.

Ta zaga gida gida tana ce wa mata bana kada a yi daɓe. Ba ta sha wahala ba, don kowace ta riga ta ji. Da aka aiko wa Gwaggo Hajo cewa lokacin daɓe ya yi, sai ta ce wa ɗan saƙon, "Ka ce wa Namadi bayana na ciwo. Na sauran ma duk yana ciwo."

"Daɓe ɗin me?" in ji Alhaji. "Ba dukan ƙasa ba ne? Wa ya fi maza ƙarfin duka?"

Maza suka kwaso ƙasa daga bakin rafi, suka kwarara mata ruwan rijiya zalla, suka ɗauko taɓare da duwatsu suka yi ta kirɓa da tsakar rana. Aikin kwana tara suka gama a wuni ɗaya, suna taƙama. Ba wanda ya tuna da makuba. Shekara takwas suna ganin tukwanenta a bakin fili, sun ɗauka rini ne. Kafin Asabar zirin ya tsattsage kamar gindin tafki a bazara.

Ranar buɗe gasa mata suka zauna a gindin ɗorawa, kowace da madaɓinta a cinya. Cindo ya yi gudu ya jefa ta farko, ta daki tsaga ta yi gabas. Ta biyu ta kwanta kamar ƙadangare. Ta uku ta tashi sama ta sami Ɓarau, kyaftin ɗin 'Yan Kuza, a baki, ya tofar da haƙori biyu.

"A ci gaba!" Alhaji ya ɗaga murya.

Cindo ya tsaya yana kallon ƙwallon. Sai ya juya, ya ratsa fili a gaban kowa, har gindin ɗorawa, ya ajiye ta a gaban Kuluwa. Ya juyo ya fuskanci rumfar manya.

"Alhaji, ba zan kashe mutum ba. Kuma ni Bamaƙeri ne. An ce ƙungiyata ta ci kofi bara. Ina son kofina a allo."

Kuluwa ba ta ɗago ba, amma ta sa ƙafa ta taka ƙwallon don kada ta gangara.

Sauran masu jifa ma suka ƙi. Aka watse. Washegari direbobi suka dawo da igiyar awo, Mai Unguwa kuma ya tara kowa a zaurensa.

"Na riga na rantse," in ji Alhaji.

"Azumi uku ne kaffara, Namadi," Gwaggo Hajo ta ce. "Bai taɓa kashe kowa ba. Tumbin nan ma zai gode maka."

Ya kafe. Ya ce ko fili zai tafi, ba zai karya rantsuwa don daɗin mata ba. Mai Unguwa ya dubi Kuluwa ya ce, "Ke da kika fara, me kika gani?"

Da ma tun tuni ta yi tunanin wannan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ya riƙe rantsuwarsa. Ba ma son tara ɗin. Lamba ai fenti ɗaya ke shafe ta, mun gani. Daga yau kada a ƙara sa wa kaka lamba. Mu arba'in da huɗu ne muka buga. Kowace shekara a sa wa kaka sunan ɗaya daga cikinmu, a rubuta a allo, a rubuta a riguna, mai shela ya faɗa a kasuwa. Mu za mu raɗa sunan ranar da za mu fara daɓe. Shekarar da aka ƙi, ba daɓe."

"Shekara arba'in da huɗu muna kiran sunayen mata?" Alhaji ya ce.

"Rantsuwarka ba ta hana ba. Lamba ka ce."

Ɓarau ya yi magana ta cikin giɓinsa. "Alhaji, don Allah ka yarda. Saura talatin a bakina, ina son abina."

Haka aka yi. Aka fara da Ladidi, saboda yatsanta. Da aka zo jera sauran, kowa ya ce Kuluwa ce ta biyu. Ta ce a'a, a sa ta ƙarshe.

"Me ya sa?" Cindo ya tambaye ta ranar da ya dawo mata da sandar.

"In aka kira nawa da wuri, za a ce an biya mai tsiwa, a manta da sauran. In ina ƙarshe, ba zan bari a tsallake ko ɗaya ba."

"To sai ki daɗe a duniya."

"Kai ma. Wa zai jefa min?"

Ba ta bari an tsallake ba. Wasu sun rasu kafin layi ya zo kansu, aka kira sunansu duk da haka, jikokinsu suka zo suka taɓa allo. Sau biyu kamfanoni suka zo da buƙatar a sa sunansu a kaka, sau biyu bayan mata ya fara ciwo.

Shi ya sa har yau maza ke buga gasar Rafin Ɗorawa da sunan mace a ƙirjinsu, kuma ba ka jin wanda ya san ta nawa ake ciki. Bana kuwa kun ga abin da aka rubuta a allo: Kakar Kuluwa. Tsohon nan mai furfura da kuka gani ranar buɗewa, wanda ya tako da ƙyar ya jefa ƙwallon farko, Cindo ne. Tsohuwar da ta gyara ɗaurin zani ta riƙe baƙar sanda mai sheƙin man kaɗe, ita ce. A hankali ya jefa mata, don tausayi. Ta harare shi, ta sa ƙafa ta mayar masa, ta ce ya jefa ta gaske.