Kwana Casa'in da Suka Koma Bakwai

Ranar Talata, huɗu ga Maris, ɓarnar ta soma, kuma ina da shaida a rubuce.

A wata makarantar sakandare akwai wani ma'aikaci da ake kira Injiniya. Shi ke kula da babbar kwamfutar da duk ofisoshi ke ajiye fayilolinsu a ciki. A jikin ƙofarsa akwai sanarwa da sa hannunsa: duk abin da aka goge zai zauna a kwandon shara na kwamfutar kwana casa'in kafin ya ɓace.

A wannan Talatar ya ga wuri ya cika a kwamfutar. Sai ya rage kwanakin zuwa bakwai. Bai gaya wa kowa ba, bai ma cire sanarwar ba.

Ranar goma ga wata, sakatariyar makarantar, wadda ta shekara ashirin a kujerarta, tana gyaran folda sai ta goge ta sakamakon tsofaffin ɗalibai bisa kuskure. Ba a lura ba sai ranar ashirin da shida, da wata tsohuwar ɗaliba ta zo neman takardarta. Aka buɗe kwandon, wayam.

A taron ma'aikata, a gaban mutum arba'in, sakatariya ta ce kuskure ne. Injiniya ya miƙe.

"Ba kuskure ba ne. Da kuskure ne, ai da yana cikin kwando. Da gangan ta share."

Shugaban makaranta ya ce ranar Litinin sakatariya za ta karɓi takardar dakatarwa.

Labari ya kai kunnen wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Ya zo da sandarsa, ya tsaya a gaban sanarwar.

"Ɗana, goma daga ashirin da shida nawa?"

Injiniya ya yi dariya. "Baba, wannan ba aikin alli ba ne. Ku je ku huta."

"Sha shida. Sha shida ta kai casa'in?"

Malamin ya nuna sanarwar da sandarsa.

"To ina saura saba'in da huɗu? Buɗe mana inda ake saita kwanakin, a gaban shugaba."

"Abin na da wuyar fahimta, Baba."

"Lamba ce. Na shekara talatin da biyar ina karanta lamba."

Aka buɗe. Ga bakwai ɓaro-ɓaro, ga ranar da aka canza, ga sunan wanda ya canza.

Fayilolin dai ba su dawo ba. Da tsofaffin rijistocin takarda aka ba ɗalibar sakamakonta, kuma sakatariyar ce ke sake shigar da sauran, shafi bayan shafi. Shugaba ya yage takardar dakatarwa a ofishinsa, ƙofa a rufe, ya ce a bar magana.

Tsohon malamin nan ni ne, kuma ban bar magana ba.

Darasi: Kowa na iya goge abu bisa kuskure, shi ya sa aka yi kwandon. Wanda ya rage kwanakinsa a ɓoye, ya ɗora wa wani laifi, ya yi ɓarna biyu. In ka canza doka, ka sanar. Ku tura wa duk mai riƙe da irin wannan amana.

Injiniya, a gaban mutum arba'in ka kira baiwar Allah maƙaryaciya. A gaban arba'in ɗin nan za ka ba ta haƙuri, a tsaye. Zan zo, kuma zan ƙirga.