Jirgin Alminiyom na Gidan Anaruwa

Ku gyara zama ku saurara, don wannan magana ta ishe ni, kuma yau sai kun taya ni yanke ta kafin kowa ya tashi.

A wani ƙauyen masunta da ke gaɓar Kwara, ƙasa da Yawuri, akwai wani dattijo da ake kira Anaruwa. Tun yana saurayi yake su da kwale-kwalen katako guda ɗaya, yana toshe shi da tsumma da kwalta, har ranar da ya tsage masa a tsakiyar ruwa. Taru ya tafi, shi ma da ƙyar maƙwabta suka tsamo shi. Da ya warware sai ya rantse shi da katako har abada. Ya sayar da fadamarsa, wadda ita kaɗai ya mallaka ban da gidan da yake ciki, ya ce jirgin alminiyom zai saya, wanda ba ya ruɓewa. In aka yi kuskure a wannan ciniki, babu wata fadamar da za a sake sayarwa.

Da yake idonsa ya yi rauni, sai ya aiki 'ya'yansa uku. Babbansu Sallau masunci ne kamar ubansa. Mai bi masa Jatau maƙerin tukwanen alminiyom ne a cikin gari, yana kuma taɓa walda. Autarsu Tabawa kifin banda take sayarwa, babu kasuwar bakin ruwan da ba ta ci ba. Kowannensu mutumin kirki ne in yana shi kaɗai, amma da zarar sun haɗu, ko a kan gishirin miya sai sun yi musu. Tun a mota suka fara, har direba ya ce zai sauke su.

Suka isa wurin wani dillali a bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, suka tarar yana da jirage uku, duk na hannu.

Na farko shuɗi ne, fentinsa sai ƙyalli yake, ga faɗi. Tabawa tana ganinsa ta ce an gama, har ta fara tsara inda za ta jera kwandunanta. Jatau kuwa ya matso kusa. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashin jirgin yana ƙwanƙwasa shi da sifana. Wani wuri ya amsa garau, wani wuri ya amsa kamar an bugi buhun gari. Nan ya kankare fentin da makulli, sai ga irin ƙullin da masu gyaran mota ke cike lotsawa da shi, a ƙarƙashinsa kuma ƙarfen ya yi fari ya rarake, duk ƙananan huji. Ya danna katakon baya inda ake ɗaura inji, yatsansa ya nutse. Ya sa aka yi ta zuba ruwa a cikin jirgin da bokiti, ba a jima ba ƙasa ta jiƙe. Dillali ya ce ai raɓa ce, alhali rana tana tsaka. Da sun sayi wannan, da bai kai su ƙarshen damina ba. Amma kuna tsammanin Tabawa ta gode? Cewa ta yi Jatau ya tozarta ta a gaban mutane.

Na biyu dogo ne siriri. Jatau ya shafa ƙarfensa ya ji kauri, ya bi ɗinkin waldarsa daga kai zuwa gindi bai ga inda ta tsage ko aka yi mata faci ba, sai ya ce duk wanda ya ƙi wannan bai san kaya ba. Sallau ya ce shi bai taɓa ganin inda aka kama kifi a tudu ba, a tura jirgin cikin ruwa. Aka tura, suka shiga su biyu. Da suka ɗan yi nisa, Sallau ya miƙe ya taka gefe kamar zai jefa birgi, wato tarun jifa. Jirgin ya karkace nan take, Jatau ya faɗa ruwa, hularsa ta bi igiya. Bayan ya jawo shi, Sallau ya ce masa, “Wannan da mutum biyu ke nan. To, ranar da muke jan taru cike da kifi fa, iska tana kaɗawa?” Gaskiya ce tsagwaronta, don jirgin na gudu ne, ba na kamun kifi ba. Jatau dai har yau yana cewa da gangan yayansa ya jefa shi.

Na uku yana can gefe, kaza har ta yi ƙwai a ciki. Babu fenti, gefensa duk lotsawa, muninsa ya isa. Jatau ya ƙwanƙwasa shi ko'ina ya ji garau, ga ƙarfen da kauri, aka cika shi da ruwa bai ɗiga ba. Sallau ya fita da shi, ya tsaya a gefe, ya yi tsalle a ciki, jirgin ko gezau. Ranar ce aka fara jin bakin mazan nan biyu ya zo ɗaya. Suka taya, dillali ya sallama ba tare da ya ja ba.

Wannan saurin sallamawar ce ta tsaya wa Tabawa a rai. Mutumin da ya yi ta rantse-rantse a kan ruɓaɓɓen jirgi, yaya zai saki mai kyau haka? Ta ce za ta je ta yi alwala, ta zagaya wurin matan da ke banda a bayan kwata, ta zauna ta taya su fere kifi. Kafin ta wanke hannu ta ji komai. Ambaliyar bara ce ta tsinko jirgin daga wani ƙauye can sama, dillali ya tsince shi ya yi shiru, mai shi kuwa ya riga ya kai ƙara, ana nan ana cigiya. Ta dawo ta tarar Sallau ya ciro kafin alƙalami zai miƙa. Ta riƙe masa hannu ta ce, “Yaya, mayar aljihu. Mai jirgin nan ba ya wurin nan.” Mazan suka hau ta da faɗa, wai haushin an ƙi nata ne. Ba ta saurare su ba, ta tisa su gaba har ƙauyen mai jirgin. Ashe tsoho ne da ya riga ya ajiye sana'ar su. Ya yi murna, ya zo da mai unguwarsu aka karɓe jirgin daga hannun dillali, ya sayar musu a gaban shaidu. Da sun biya dillali, da jirgin da fadamar duk sun salwanta, wataƙila ma a ɗaure su da laifin sayen kayan wani.

A daminar nan, suna dawowa daga kasuwa su duka da ubansu, jirgi cike da kaya, hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa. Igiya ta yi ta dukansu jirgin bai kife ba. Iska ta maka su da wani kututture da ruwa ya rufe, ƙarfen ya lotsa amma bai fashe ba. Suka fito lafiya, ko kwando ɗaya bai ɓata ba.

Bayan haka Anaruwa ya ce shi ya tsufa, jirgi kuma ba ya tsaguwa uku, zai damƙa shi a hannun wanda ya fi ƙoƙari wajen sayensa, sauran su riƙa cin amfaninsa ta hannunsa. Jatau ya ce ba don shi ba da rariya suka sayo, kuma kaurin da ya tabbatar ne ya tare kututture. Sallau ya ce ba don shi ba da tuni sun kife. Tabawa ta ce ba don ita ba da babu ma jirgin da za a yi musu a kansa. Tsoho ya gaji, ya ɗaure jirgin da sarƙa a gindin wata ƙirya ya sa kwaɗo. Ga lokacin giwan ruwa yana wucewa, maƙwabta suna ta kamu, su kuwa suna zaune a tudu ko gaisawa ba sa yi. Ni sau nawa ina zuwa sulhu ina dawowa da ciwon kai.

To jama'a, tsakanin Jatau da ya san ƙarfe, da Sallau da ya san ruwa, da Tabawa da ta gano mai jirgin, wa za a miƙa wa makullin nan?