Alamar da Barewa Ya Matsar

Akwai wani saurayi da ake yi wa laƙabi da Barewa, saboda a filin wasansu babu mai kama ƙafarsa a dogon tsalle. Shi ma ya san haka, har tafiyarsa ta sauya.

Shi ya ja ƙaninsa Auta zuwa filin, shi ya koya masa komai. Ya nuna masa yadda ake tahowa da gudu, a taka katakon da ke gaban ramin yashi, a tashi sama, a miƙa ƙafafu gaba a dira.

"Ko ɗan yatsanka ya gota katakon nan, tsallen ya tashi a banza," in ji shi. "Shi ya sa ake auna taku, a manna alama inda za a fara gudu. Alamarka ta goce, kai ma ka goce."

Auta ya riƙe. Matsalar ita ce ya riƙe da kyau. Ba a jima ba sawunsa a yashi ya fara wuce na yayansa. Barewa yana tafa masa, amma hassada ta fara cin ransa.

Sai ga labarin babbar gasa, kuma mutum ɗaya kawai ƙungiyarsu za ta tura. Koci ya ce kowa zai yi tsalle uku, wanda ya fi nisa shi zai tafi. Ya ƙara da cewa ranar shi alƙali ne, kada wanda ya nemi shawararsa.

Da ranar ta zo, Barewa ya auna wa Auta taku kamar kullum, ya manna masa farin salatif a gefen hanyar gudu. Auta ya tafi shan ruwa. Barewa ya duƙa kamar mai ɗaure takalmi, ya ɓare salatif ɗin, ya matsar da shi gaba kaɗan.

Auta ya taho a guje, ya tashi, ya dira can nesa. Koci ya ɗaga jar tuta, ƙafa ta gota. Na biyu ma haka.

Ya zo wajen yayansa yana haki, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ƙafata ta rikice. Ko in ja alamar baya?"

Nan fa Allah Ya ba Barewa damar gyarawa. Sai ya kau da kai.

"Kar ka taɓa ta. Ni na auna. Kai ne kake rawar jiki."

Auta ya yarda, don bai taɓa jin yayansa ya yi masa ƙarya ba. Ya koma, ya taho, jar tuta ta sake tashi. Barewa ya samu gurbin.

A gida Mama sai murna take, tana kiran 'yan uwa a waya. Barewa ya shige ɗaki ya zauna a bakin katifa, ko takalmi bai cire ba. Sai ga Auta ya shigo ya durƙusa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Duk wahalar da ka sha a kaina, na je na ba ka kunya a gaban mutane."

Jama'a, da Auta zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe Barewa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wanda aka cuta ne yake ba da haƙuri.

Washegari Barewa ya sami koci, a gaban kowa, ya faɗi abin da ya yi. Kansa na sunkuye. Koci ya ce masa ya cire rigar ƙungiya ya koma gefe.

Aka sake gwaji. Auta ya auna takunsa da kansa, ya taka katako daidai, ya samu gurbin. Babu wanda ya yi ihun murna sosai.

Ranar tafiya Barewa ya ɗauko masa jaka har bakin mota, ya kasa haɗa ido da shi. Auta ya karɓi jakar, ya ɗan tsaya.

"Yaya, ni fa don in burge ka nake tsallen nan. Da ka ce min kana son tafiyar, wallahi da na bar maka."

Motar ta tashi. Barewa yana nan tsaye, yana kallonta har ta ɓace.

Darasi: In wanda ka koya wa abu ya fi ka, nasararka ce, kada hassada ta sa ka yi masa zagon ƙasa. Kunyar faɗuwa a fili tana wucewa, amma ta cin amanar wanda ya yarda da kai tana daɗewa. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai janye hannunsa tun bai taɓa alamar ɗan uwansa ba.