Mai Hoto da Sabon Adireshinsa

Akwai wani mai ɗaukar hoto da kowa a layinsu ya yarda da aikinsa. Ya san haske, ya san yadda ake sa yaro mai kuka ya yi dariya. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Matarsa takan yi masa tsiya cewa da ana tura rana da hannu, da kullum kafin azahar ta faɗi.

Wata babbar makaranta ta nemi wanda zai ɗauki hotunan bikin yaye ɗalibanta. Shugabar makarantar ta ce ya ba su adireshin shafinsa na intanet su duba aikinsa, za su aiko masa da amsa ta imel. Shafi kam yana da shi, sai dai adireshin dogo ne, ba ya faɗuwa a baki. Don haka ya sayi sabon suna na intanet, gajere, mai ɗauke da sunan shagonsa, ya kira ƙanwarsa, autarsu, wadda haɗa shafuka ne aikinta a wani gari. Ta ɗaura sunan a kan shafin, ta buɗe masa imel da sunan, shi kuma ya miƙa wa makarantar duka biyun.

"Yaya, na gama nawa," in ji Auta. "Amma ba ko'ina zai buɗe lokaci ɗaya ba. Na'urorin da ke nuna wa wayoyi hanya suna riƙe tsohon bayani sai wa'adinsa ya cika. Ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Don Allah kada ka taɓa komai."

Ya ce ya ji. Da yamma shafin ya buɗe a wayar matarsa, amma a kwamfutar shago sai wani farin shafi na kamfanin da ya sayar masa da sunan. Hankalinsa ya tashi. Ya kira Auta, tana taro. Kalmar sirrin shiga wurin da ake saita sunan kuwa tana hannunsa. Ya kalli wani bidiyo ya canza lambar da Auta ta saka don haɗa sunan da shafin. Bai ga canji ba, ya kalli wani ya sake canzawa. Daga ƙarshe ya danna wurin da ke mayar da komai yadda aka sayo shi. Bai san ya share har da layin da ke kawo masa imel ba. Washegari ko a wayar matar shafin ya daina buɗewa. Kunya ta hana shi gaya wa Auta, ya ci gaba da taɓe-taɓe shi kaɗai.

Da shirun makarantar ya yi yawa, ya je da kansa. Shugabar ta ce sun zaɓe shi tun farko saboda yabon da ake wa aikinsa, sun aika saƙo ya dawo musu, sun buɗe shafin ba su ga komai ba. Sun ɗauka ya rufe shago, sun ba wani aikin.

Bai yi musu ba. Yana komawa shago ya kira Auta ya faɗa mata duk ɓarnar da ya yi. Ta ce ya bari ta gyara.

"A'a, Auta. Hannuna ya ɓata, shi zai gyara. Ke dai ki tsaya a kaina."

Ta riƙa karanto masa, yana sakawa layi bayan layi, yana maimaita kowace lamba da baki. Ta koya masa abin da ake dubawa: rubutun sunan, lambar na'urar da shafin yake zaune, share abin da kwamfuta ta ajiye, gwadawa da wani layin waya. Idan duk waɗannan sun yi daidai, saura jira. Ya sa matarsa ta canza kalmar sirrin, ya ce ko ya roƙe ta kada ta ba shi. Ya roƙa kuwa, ta hana. Ya ɗauki tsumma ya goge gilasan kyamara, ya gyara fitilun shago, ya wanke hotunan da suka taru.

A rana ta biyu shafin ya buɗe ko'ina. Ya koma makarantar. Shugabar ta buɗe shi a kwamfutarta, ta daɗe tana kallon hotunan, ta ce ina ma sun ga wannan a lokacin. Bikin bana dai ya wuce shi. Ya ajiye katinsa a kan teburinta, ya tambaye ta watan da suke fara neman mai hoton baɗi.

Darasin shi ne, ba kowane jinkiri ne lalacewa ba. Wani abin yana kan hanya ne, taɓa shi ke mayar da shi baya. Idan wanda ya san aiki ya ce ka jira, duba abin da ke dubuwa, sannan ka janye hannunka. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, faɗi da wuri, tun gyara yana da amfani.