Agogon da Aka Goge wa Baya

An yi wani mutum a nan Antwerp, likitan haƙori, mai tara tsofaffin agogunan hannu. Ba ya sayen agogo sai wanda wani sananne ya taɓa ɗaurawa: mawaƙi, matuƙin jirgi, tsohon minista. A wurin masu wannan harka, ƙarzuwar da babban mutum ya bari a jikin agogo daraja ce, ba a taɓa ta. Sunan talaka kuwa aibi ne.

Mahaifinsa, Jef, a tashar jiragen ruwa ya ƙarar da ƙarfinsa. Agogo ɗaya gare shi, wanda marigayiya matarsa ta sa aka zana wa rubutu a baya: "Jef, ka dawo gida da wuri."

Ranar da aka kai tsohon gidan kula da tsofaffi, ɗan ya kwance agogon. "Kawo in kai gyara, Baba."

Wurin dillali ya kai shi. Dillali ya juya bayan, ya yi dariya. "Wane ne Jef kuma? Sai an goge wannan." Likitan ya ce a goge. Aka haɗa da shi a musaya, ya karɓo agogon wani matuƙin jirgi.

Ya 'yan uwa, kun ji? Ya tsare ƙarzuwar baƙo, ya kankare maganar uwarsa!

Tsohon ya fara mantuwa. Ya manta titinsu, ya manta sunan jikoki. Agogon ne bai manta ba. 'Yarsa Marleen ta kira wanta a waya: "Kai, mai gadin kayan matattu, ina agogon Baba? Ko miya ba ya sha, sai shafa hannu yake."

Ya ruga wurin dillali. An sayar tuni. "Irinsa dubu ne, likita. Da me za ka gane shi?"

Ya sayo irinsa, ya sa aka sake zana rubutun, ya kai. Tsohon bai ko duba ba. Ya goga babban yatsa a baya, kamar yadda ya yi shekara arba'in.

"Nawa ya yi santsi. Wannan yana yanka." Ya kira mai jinya. "Baiwar Allah, ga ɓarawon nan ya dawo."

Wata bakwai ɗan yana zuwa kullum, yana durƙusawa. "Baba, ni ne, ka yafe mini." Wa zai yafe? Wanda ya san shi ɗa ya riga ya tafi, saura wanda ya san shi ɓarawo. A haka Jef ya rasu. Marleen ba ta ƙara ɗaga wayar wanta ba.

Kada ku ce na Turawa ne. Mu nawa ke rawar jiki kan manyan da ba su san da mu ba, muna jin kunyar sunan iyayenmu? Kuna zaune kuna cewa akwai lokaci. Neman yafiya ma yana da ranar rufewa, kuma takan zo mutum yana da rai.

Allah ya kiyaye mu, ya sa iyayenmu su yafe mana tun suna gane fuskokinmu. Amin.