Issifou da Igiyar Shanyar Inna Oumou

Akwai wani Issifou a gidan haya a Zongon Lome, mai sayar da kayan gyaran babur. Kai, ban taɓa ganin ɗan tsako samu ka ƙi dangi irinsa ba!

Wani kamfanin ƙasar waje ne ya ce yana neman wakili guda ɗaya a Lome, kuma za a gana da masu nema ta bidiyo ranar Talata bayan azahar. Wanda bai bayyana ba, an wuce shi. Issifou ya sayar da babbar wayarsa, ya cika ya sayo sabuwar kwamfuta. Daga ranar gaisuwa ta gagare shi. Ka ce masa ina kwana, ya ɗaga maka gira ya ce "bonjour", shi da muka san kakarsa a layin masu koko.

Ranar da Garuba mai haɗa intanet ya zo, gogan bai tsaya ba. Ya jefa wa matarsa mabuɗi ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, wai yana da harka a bakin fot, tashar jiragen ruwa. Garuba ya duba bai ga inda zai rataya wayar intanet ɗin ta ƙetare tsakar gida ba, sai igiyar shanyar Inna Oumou, wata dattijuwa da ɗakinta ke kallon nasa.

"Inna, in naɗa a jikin igiyarki?"

"Naɗa mana, ɗana. Ai maƙwabcina ne, ci gabansa namu ne."

Ya naɗe siririyar wayar a jikin igiya, ya shigar da ita ta saman taga. Intanet ya zo kamar ruwan famfo.

Ranar Talata Issifou ya sha kwat da laktaye cikin wannan zafin. Ya kunna kyamara don ya gwada, sai ya hango zannuwan Inna Oumou ta taga suna kaɗawa a bayansa. Ya fito da wuƙa yana huci.

"Ke tsohuwa! Turawa za su ga tsummokaranki su ɗauka a bola nake zaune?"

"Issifou, tsaya, igiyar nan..."

Ina! Ya riga ya datse. Wankin baiwar Allah ya zube cikin ruwan kwata, ya tsallake ya koma ɗaki. Jama'a, kun dai san abin da ya haɗa ya yanke.

Yana zama ya ga intanet ya ɗauke. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya zare akwatin wifi daga wuta, ya hura masa iska, ya mayar. Jar fitila ta ci gaba da ƙyafta masa ido. Ya ɗaga akwatin sama yana zagaye ɗaki da shi kamar mai turara kaya.

Inna Oumou ta yi sallama a bakin ƙofa, hannunta duk kumfa.

"Ɗana, magana ɗaya ce zan faɗa maka."

"In kukan wanki ne, ki kai wa mai gida! Me kika sani game da ordinateur?"

Ya maida ƙofa garam. Daga nan ya kira wanda ya sayar masa da kwamfuta ya wanke shi tas, wai ya sayar masa da gawa. Ya juya kan matarsa, wai ita ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Da ta buɗe baki za ta yi maganar igiya, ya daka mata tsawa. Ƙarshe ya leƙo tsakar gida yana shela cewa bakin mahassada ne ya kama shi, ya kunna turaren wuta yana tofa wa akwatin addu'a. Mutumin da sallar asuba ke wucewa yana minshari!

Samarin gidan suna zaune a kan benci, kowa da intanet a wayarsa. Da ya ce "don Allah", da sun jona masa nan take. Amma girman kai rawanin tsiya ne, ya gwammace ya yi ta gumi cikin kwat. Sai da aka kira azahar ya tuna da Garuba, shi kuwa yana can Baguida, bayan gari, yana wani aikin.

La'asar sakaliya Garuba ya iso. Lokacin ganawa ya wuce tuni, wakilci ya tafi hannun wani. Bai ko kalli kwamfutar ba, ya bi waya da ido daga taga zuwa tsakar gida. Ga guntunta nan an nannaɗe shi tsaf, an maƙale da abin shanya a jikin bangon Issifou don kada awaki su tauna.

"Wane ne ya yanke wannan?"

Inna Oumou tana durƙushe tana sake wanke zannuwanta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na je in faɗa masa, ɗana," ta ce. "Amma me na sani game da ordinateur?"

Wallahi ni ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Darasi: Kada ka wulaƙanta maƙwabci don ka samu sabon abu, wataƙila arzikinka a jikin igiyarsa yake rataye. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda gaisuwa ta fara yi masa nauyi.