Kwanon da Maƙwabta Suka Ƙi Buɗewa

A wani ƙaramin gari an yi wani manomi, sunansa Habila. Gidansa yana kan wani layi mai gidaje shida, uku suna duban gabas, uku suna duban yamma. A ƙofar gidan dattijon layin, wanda kowa yake kira Baba Zakka, akwai wata tsohuwar ceɗiya.

Mutanen layin nan suna da al'adar da suka gada tun kakanni, wato ciyayya. Da rana ta faɗi, sai kowane magidanci ya fito da kwanon tuwonsa da na miya, a shimfiɗa tabarmi a gindin ceɗiya, a jera kwanuka. Ba mai cin nasa shi kaɗai. Baba Zakka ne yake jawo kwano ɗaya tsakiya ya buɗe, kowa ya sa hannu, in an ga bayansa ya jawo na biye, har a zaga su duka. In baƙo ya biyo ta layin a lokacin, ba a tambayarsa daga ina yake, ruwan wanke hannu ake miƙa masa. Malam Tukur tela, wanda shi Musulmi ne, sai ya idar da sallar magariba yake fitowa, kuma jiransa ake yi ko da tuwo zai huce. Mata kuwa ta kan katanga suke nasu zumuncin, wannan ta miƙa gishiri, waccan ta miƙo garwashi, mai jego kuma ba ta hura wuta sai ta yi arba'in. A gindin bishiyar nan ake jin wanda ɗakinsa yake yoyo, da wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa a gona, a sa ranar gayya. Kai, layi ne da in ka shekara a cikinsa ba ka son tashi.

Doka ɗaya ce a wurin, ita ce ba a mayar wa mutum da kwanonsa ba a taɓa ba. Ko ka ƙoshi, sai ka gutsiri loma guda. Ƙin taɓa kwanon mutum daidai yake da ce masa an raina gidansa.

Habila kuwa mutumin kirki ne, ga ƙwazo, ga hannu a sake. Kwanonsa ya fi na kowa girma, tuwon dawa mai laushi da miyar kuɓewa wadda ta sha man shanu, don haka da nasa ake farawa kullum. Aibinsa guda ne. Yana son ya ba mutane, ba ya son a ba shi. Ka ba shi goro ɗaya da safe, kafin yamma sai ya san yadda ya mayar maka da biyu. Mu maza mun san ciwon nan sarai, da yawanmu muna fama da shi, sai dai mun raɗa masa suna mutunci.

Ana nan, wata shekara bayan kaka, sai wuta ta taso daga ciyawar bayan gari, iska ta kwaso ta, ta faɗa kan rumbun Habila. Maƙwabta suka fito da bokiti da tulu, maza da mata, suka ceci ɗakuna, amma rumbu ya tafi. Dami kaɗan aka iya jawowa.

Kashegari suka taru suka zo jaje. Baba Zakka ya ce, "Habila, mun yi shawara. Kowane gida zai kawo dami biyu, ka kai damina."

Habila ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba, amma kada ku wahalar da kanku. Ina da hatsi ajiye a ƙauye, wurin ƙanena."

Ko ƙwaya ba shi da ita a ƙauye. Kunya ce ta riga shi buɗe baki, da maganar ta fita kuwa bai iya mayar da ita ba. Maƙwabta suka yi masa addu'a suka watse.

'Yar dawar da aka ceto ta ƙare cikin wata biyu. Habila ya riƙa tafiya ƙodago can fadamar wani gari inda ba a san shi ba, ya dawo da ɗan garin rogo a ƙulle. Matarsa Afiniki ta tuƙa, tukunya ɗaya ce, ga kuma 'ya'ya mata uku, babbarsu Tabita. Sai ya tsaya a kanta ya ce a fara cika kwanon ciyayya tukuna.

Wata rana ta ce masa, "Baban Tabita, in na cika kwanon nan, me yara za su ci?"

Ya ce, "Ki dama musu kunu da abin da ya rage. Ba zan fita da rabin kwano a nuna ni da baki ba."

Ta cika kwanon tana share hawaye da bakin zane. Ka ji fa! Magidanta biyar masu rumbuna cike suna cin abincin yara uku kowace yamma, ba su sani ba. Shi kuma Habila yana zaune a tsakiyarsu yana dariya, zuciyarsa tana ƙuna, don yana son 'ya'yansa ƙwarai, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinsa.

Sai ya zama wata yamma Baba Zakka ya miƙa hannu, ya tsallake kwanon Habila, ya jawo na Malam Tukur. Aka ci. Ya jawo na biye, aka ci. Da ya rage saura na Habila kaɗai, sai dattijon ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu, ya ce, "Mun gode Allah, yau kam ciki ya cika." Sauran ma duk suka wanke hannu, kowa yana kallon ƙasa.

Habila ya ɗauki kwanonsa da sauran ɗuminsa, ya shiga gida, ya dire shi a tsakar gida. Yara suka rufa wa tuwon, suka cinye tas har da suɗe kwano. Bai ko dube su ba, ɓacin rai ya rufe masa ido. Kashegari haka aka yi, jibi ma haka. Ya ce a ransa, "Wato tun da tuwona ya koma na rogo, miya kuma ta koma kuka ba daddawa, shi ke nan na zama abin ƙyama."

Afiniki ta so ta yi magana. Ta ce, "Ni dai na ga kwana biyun nan yara suna barci ba kuka..."

Ya katse ta, ya ce, "Ke ba ki san wulaƙanci ba ne."

Ran kwana na goma da hantsi ya tafi gidan Baba Zakka, ya same shi a zaure yana tufka igiya. Ya gaishe shi a gajarce, ya ce, "Baba, na zo in yi sallama da gindin ceɗiya. Daga yau kada a jira ni. In na sami mai sayen gidan ma, tashi zan yi. Shekara goma sha biyu ana cin tuwon gidana, yau don wuta ta taɓa ni an ƙi ko ɗaga murfin kwanona."

Dattijon bai daina tufkarsa ba. Ya ce, "Kwana nawa kwanon yana komawa?"

Habila ya ce, "Tara."

"Zubarwa ake yi?"

"A'a. Yara ne suke ci."

"Suna ƙoshi?"



Sa'an nan Baba Zakka ya ajiye igiyar, ya ce, "Zauna, ɗana. Matata ce ta fara lura. Ta ce an daɗe ba ta ji ana daka a gidanka ba, alhali katanga ɗaya ta raba mu. Ran nan kuma autarka ta shigo, ta tsaya a bakin murhu tana kallon tukunyar da aka jiƙa, ta ce ko za a sam mata ƙanzo. A ranar na gane tuwon wa muke ci da yamma. Mun yi maka tayin hatsi, ka ce kana da shi. In mun kawo duk da haka, mun ƙaryata ka a gaban iyalinka. Sai muka ga ba abin da ya rage mana sai mu karya dokarmu. Mun san za ka ji haushinmu. Muka ce gara ka ji haushin, yaran su ci. Kada kuma ka ɗauka ƙoshi muke yi. Malam Tukur ya ce har ya rage wa wandonsa ƙugu."

Habila ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Dattijon ya ƙara da cewa, "Ka ce mun raina ka. Shekara goma sha biyu muna cin naka, ba mu ji kunya ba. Rana ɗaya muka ce ka ci namu, ka ƙi. To, tsakaninmu da kai, wa ya raina wani?"

Habila ya koma gida. Ya nemi gafarar matarsa, ya ce in ta tuƙa ta fara ba yara su ci su ƙoshi. Ta ce, "Kwanon fa?" Ya ce, "Ki wanke shi ki ba ni."

Da rana ta faɗi ya fito riƙe da kwanon, ba komai a ciki, ba kuma murfi. Daga ƙofarsa zuwa ceɗiya bai fi taku talatin ba, amma sau biyu ƙafarsa tana so ta juya. Ya daure ya isa, ya ajiye kwanon a tsakiyar tabarma inda kowa zai gani. Ya ce, "Ba ni da hatsi a ƙauye. Ƙarya na yi muku. Gidana babu abinci."

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya ce ai mun sani. Baba Zakka ya buɗe kwanonsa, ya ɗauki malmala guda ya sa a na Habila, ya tura wa na kusa da shi. Kowa ya sa nasa, har kwanon ya yi tozo. Dattijon ya ce, "A shigar wa Maman Tabita da wannan. Mun san ita ce ta fi daɗewa ba ta ci ba." Sa'an nan ya miƙa wa Habila ruwa, ya ce, "Wanke hannu, tuwo yana hucewa."

Habila ya ci daga kwanon maƙwabtansa, shi da bai kawo ko loma ba, hawaye yana zubo masa. Kashegari aka kawo damman hatsin nan da rana tsaka, shi da kansa ya buɗe musu ƙofa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Layin nan shi ne jama'ar Allah, shi ne kuma unguwar da kowannenku ya fito daga cikinta yau da safe. Allah bai yi mu don kowa ya rufe ƙofa ya ci nasa ba. Ni kam mutanen layin nan suna burge ni. Ba su jira an zo an roƙe su ba, kunne suka sa, ido suka sa. Da suka gane, ba su kai maganar bakin rijiya ba, ba su kuma tona asirin ɗan'uwansu ba. Sun yarda a ɗauke su marasa kirki kwana tara, sun kwana da sauran wuri a ciki, don yaran wani su ƙoshi. Yawancinmu muna son mu yi alheri ne a inda za a gode mana nan take. Ina tambayarku, wace ce a cikinku ta san ko an ɗora tukunya jiya a gidan da yake jikin katangarta?

Kwanon nan mai murfi kuwa, wanda ake cikawa da abincin yara, shi ne fuskar da muke kawowa sujada. Mu sa tufafi masu kyau, a ce ina gajiya, mu ce ba gajiya, a ce yaya gida, mu ce lafiya lau, alhali gidan ya san ba lafiya ba. Girman kai ba ya cin mai shi kaɗai. Mace ce take biya, yara ne suke biya, su da ba su yi wa kowa ƙarya ba.

Wani lokaci kuma za ka ga kamar Ubangiji ya tsallake kwanonka. Ka kawo hidima, ka kawo baiko, ka kawo ƙoƙarinka, ka ji shiru, sai ka yi fushi ka ce an manta da kai. Ka bincika tukuna kafin ka yi sallama da gidan Allah. Wataƙila ya ƙi karɓa ne don ya san abin da ka danne a gida kafin ka kawo. Ubangiji ba ya jin yunwa. Bai kira mu don mu ciyar da shi ba, ya kira mu ne don ya ciyar da mu, kuma alherin da ya yi mana cikin Yesu Almasihu ba irin wanda ake mayar da biyunsa ba ne. Karɓa ake yi, da tuba, da faɗin gaskiya.

Saboda haka, wanda Allah ya cika wa rumbu a bana, ya koma gida ya kasa kunne ta kan katanga. Kai kuma da kake zaune a nan kana murmushi, alhali ka san abin da ka baro a gida, kada ka jira sai 'yarka ta je roƙon ƙanzo. Akwai dattawa a nan, akwai maƙwabta, akwai Ubangiji. Ka samu ɗaya kafin rana ta faɗi, ka buɗe baki ka ce, "Babu."